Kwamfutar da Ammu Sabri Ya Ƙwanƙwasa

A unguwarmu ta Bakus, cikin birnin Iskandariya, in mutum zai sayi abin da ya wuce burodi da wake, sai ya biya ta ƙofar Ammu Sabri Gad ya ɗauke shi. Babu wanda ya kafa wannan doka, haka muka taso muka tarar.

Ammu Sabri (ammu baffa ke nan a bakinmu) kwandasta ne a taram, jirgin nan na cikin gari. Da jakar fata a wuya ya yi ta kai da kawowa tsakanin tashar Ramal da ta Fiktoriya tun yana saurayi har kansa ya yi fari fat, sannan aka sallame shi da fansho da ciwon gwiwa. Amma sunan da ya yi a kasuwa ya yi shi. Masu kankana a nan a kan wuƙa suke sayarwa, a yanka a gabanka, in ba ja ba ce ka bar musu kayansu. Shi Ammu Sabri cin fuska yake ɗaukar wannan. Sai ya ɗauki kankana, ya jinjina ta, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya ce a sa a leda. Ba a taɓa jin ta ba shi kunya ba. Daga kankana abin ya wuce zuwa kifin kasuwar Anfushi, ya wuce zuwa ragon layya, ya kai ga firji da murhun gas da katifa. Hukuncinsa guda ne a kan komai: abin kirki nauyi gare shi.

Ba ya karɓar ko kofin shayi a kan wannan wahala. Ladansa magana ce guda, a zo ganin kaya a yaba, mai kaya ya ce, "Ai Ammu Sabri ne ya zaɓa." Wannan maganar ita ce abincinsa. In kuwa ka kuskura ka sayi abu ba da shi ba, zai zo har gida ya gani, ya shafa, sannan ya ce, "To, Allah ya sa albarka," da wata irin murya wadda za ta sa ka ji kamar ka mayar da kayan a ranar. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu, sai dai Allah ya zuba masa kishi. Bai damu da wanda ya fi shi kuɗi ba, abin da ke ƙona shi shi ne a nemi shawarar wani yana raye.

Matarsa marigayiya Ihsan ita kaɗai ta san kansa. Tela ce, kekenta na bakin tagar baranda. In tana son abu sai ta zaɓa a zuciyarta, ta yi ta jan shi a hankali har ya tsaya a kan abin, ya ƙwanƙwasa, ya ce shi ya gano. Har ta koma ga Ubangijinta bai taɓa gane haka ake masa ba. Da ta rasu gidan ya rage daga shi sai 'yarsu Basant, ita ke nan Allah ya ba su. Basant kuwa ba ta gaji dabarar uwarta ba, taurin kan ubanta ta kwaso, ta haɗa da sonsa. Tun tana riƙe da ɗan yatsansa take bin sa kasuwa, kuma duk abin da ya zaɓa mata, daga takalmin makaranta har tabarau, ba ta taɓa cewa a canza ba.

A gida take aiki. Wani kamfanin kayan katako na garin Dumyat take zana wa tsarin ɗakuna, inda gado zai zauna, inda kabad zai tsaya, ta aika musu. An naɗe kan keken uwarta ya shige ciki, saman ya zama tebur, a nan ta ɗora allon kallo da madannan rubutu, tsohuwar kwamfutarta na ƙasa tana nishi. In ta tashi daga aiki sai ta sa abin kunne ta shiga wasan tseren motoci, tana yi wa mutanen da ba a gani tsawa. Ammu Sabri yakan zauna a kujerarsa ta bayanta yana ɓare gyaɗa, yana ba ta shawarar inda za ta karya kwana, alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba. Wannan zaman na la'asar shi ne duk daɗin da ya rage masa a duniya, ko da yake da za a tambaye shi cewa zai yi hayaniya ce kawai.

To a cikin wasan nan ne Tamir ya ɓullo. Yaro ne siriri mai tabarau, yana aiki a kantin magani, shi ya sa kowa ke ce masa Dakta. Sun yi ta tsere shi da Basant ba su san fuskar juna ba, har ranar da ya zo da uwarsa da faranti na kayan zaƙi aka karanta Fatihar baiko. Ammu Sabri ya amsa, don ba shi da dalilin ƙi, kuma Allah ya sani ya nemi dalilin. Ya je kantin maganin ya tambaya, ya je masallacin unguwarsu, ya zauna da mai gadin gidansu ya saya masa shayi. Kowa alheri yake faɗi. Wannan shi ya fi ƙona masa rai. Abu mafi girma da zai shigo gidansa ya shigo, ba shi ya zaɓa ba, kuma ga shi ba aibu.

"Ba shi da nauyi," ya ce wa abokinsa Girgis a gidan shayi, suna buga domino. Girgis direban taram ne a da, tare suka yi ritaya, kuma shi kaɗai ke iya gaya masa magana a fuska.

"To ɗaukar sa za ka yi a ka?" in ji Girgis. "Ka ƙwanƙwasa shi ne ka ji ba ja ba ne?"

"Iska mai ƙarfi in ta taso daga teku sai an riƙe shi."

"'Yarka za ta riƙe shi. Kai dai faɗi gaskiya, Abu Basant, haushinka ba a kai ka kasuwar ba. Buga wasanka."

Da aka shiga hidimar kayan ɗaki sai ransa ya ɗan dawo. Murhu, injin wanki, tukwane, labule, duk shi ya jinjina ya ƙwanƙwasa, Basant na biye da shi tana cewa to. Saura abu ɗaya, kwamfuta, don tsohuwar ta kai inda in aka buɗe babban zane sai ta tsaya tana tunani. Ammu Sabri bai san komai a kanta ba, amma bai ga dalilin damuwa ba, firji ma ai ba shi ya ƙera ba. Yana jira a ce masa ya sa takalmi.

Ran nan suna cin abincin rana, shinkafa da kifi, Basant ta ce, "Baba, maganar kwamfuta, mun riga mun ga wadda za mu ɗauka."

Ya dakata da ci. "Ku wa?"

"Ni da Tamir. Mun daɗe muna dubawa. Wata 'yar ƙarama ce, ba ta kai kwalin takalmi ba, amma tana jan zanena, tana jan wasa daidai gwargwado. Ba ta cin wuta, ba ta da ƙara. Gobe za mu je."

"Allah ya sa albarka," in ji shi.

Ta san muryar. Ta ajiye cokali. "Baba, ai da kai za mu je."

"In yi muku me? In riƙe wa Dakta jaka?"

"Ka gani mana."

"A'a, kun gama gani. Ni tsohon kwandasta me na sani? Tikiti kawai na iya yagewa." Ya ture faranti, ya ce kifin ma bai yi ba, ya manta shi ya zaɓo shi da safe.

Duk da haka washegari shi ya riga kowa shiryawa, da rigarsa ta zuwa biki. Kasuwar kwamfutoci wani bene ne mai shaguna jere, kowanne sai walƙiya yake. Tamir ya tarye su a ƙofa, ya kama hannunsa zai taimaka masa hawa matakala.

"Sannu, Ammu, a hankali."

"Sake ni, Dakta, ban zo awon jini ba."

Mai shagon wani ƙato ne mai fara'a, ya san su, abin da ya ƙara ɓata ran Ammu Sabri, don ya nuna an sha zuwa ba da shi ba. Ya ɗauko abin ya ajiye a kan kanta. Wani ɗan baƙin akwati ne, in ka ɗora tafin hannu biyu sun kusa rufe shi. Ammu Sabri ya ɗauka da hannu ɗaya, ya jinjina, hannun ya tafi sama ba shiri.

"Ina kwamfutar?"

"Ita ke nan a hannunka, Hajj."

"Wannan ai marfinta ne."

Tamir ya matso da ladabi ya fara bayani. Ya ce ƙwaƙwalwarta ta ishi aikin Basant har da ragi, ana iya ƙara mata nan gaba. Ya juya bayanta ya nuna ramuka, nan a jona allo biyu, nan madannai, nan wayar intanet. Ya ce in aka ɗauke wuta da rani ɗan ƙaramin batir ma zai riƙe ta har a gama aiki. Bai ɓoye aibunta ba, ya ce in wasa ya yi nauyi takan ɗau zafi, sai a rage kyan hoto kaɗan. Basant na gefe tana gyaɗa kai, tana kallon bakinsa. Irin kallon nan Ammu Sabri ya san shi, shi ake yi wa a gaban mai kankana. Kishi tsagwaronsa ya kama shi.

Sai idonsa ya faɗa kan wata a can kusurwa. Doguwa ce, ta kai masa gwiwa ta wuce, gefenta gilashi, a ciki fankoki na juyawa suna canza launi daga shuɗi zuwa ja. Ya je ya kama ta da hannu biyu, ta ƙi tashi sai da ya yi nishi. Ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa ƙarfen. Sautin ya fito cike.

"Wannan fa?"

Mai shago ya washe baki. "Hajj ya san kaya. Wannan ita ce uwar ɗakin shagon nan. Ba ta san zafi ba, ba wasan da zai durƙusar da ita, zane kuwa kafin ka ƙifta ido ta buɗe. In wani abu ya tsufa a ciki, a cire a sa sabo, shekara da shekaru."

"Ta fi waccan ko ba ta fi ba?"

"A ƙarfi? Ta fi ta nesa."

Ya juya ga Tamir. "Dakta, ƙarya ya yi?"

"Gaskiya ya faɗa, Ammu. Sai dai ba ƙarfi kaɗai muka duba ba."

"Baba," in ji Basant, "ni wadda zan riƙa sawa a jaka nake so."

"A jaka? Matar aure da yawo da kayan ɗakinta a jaka? Zuwa ina?"

"Zuwa..."

Bai tsaya ji ba, ya sake ƙwanƙwasa babbar, yana magana da mai shago amma da su yake. "Ranar kai kaya duk Bakus za ta fito baranda. A ce 'yar Sabri Gad, wadda aikinta ke nan, an fitar mata da gwangwanin alawa? Ina raye? In rowa ce ta sa aka nuna mata wannan, ai ba aljihun kowa za a taɓa ba, ni ne ubanta."

Tamir ya sunkuyar da kai. Basant ta ce, "Baba, ka saurare ni, dalili gare ni. Gidan nan namu..."

"Gidana ba ruwanki da shi. In kin tafi kin tafi, ki kwashe tarkacenki duka in samu wurin miƙe ƙafa, na huta da hayaniya. In kuma maganar Dakta ta fi ta ubanki yanzu, ki faɗa a gaban mutane in ji."

Basant ta dube shi, idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba, ta tsuke baki yadda shi ma yake tsukewa. Tamir ya buɗe baki zai yi magana, ta girgiza masa kai.

"A naɗe babbar," ta ce. "Abin da Baba ya zaɓa."

Ranar kai kaya Ammu Sabri ya sha kallo yadda yake so. Motocin a-kori-kura suka jeru a layi, an ɗaure katifu da jan ƙyalle, mata na guɗa daga baranda, direbobi na danna oda. Ya sa aka cire kwamfutar daga kwalinta aka ɗora a motar gaba, gefen gilashin na kallon jama'a, ya zauna kusa da ita ya dafa ta. Duk wanda ya tambaya, amsar guda ce, Ammu Sabri ne ya zaɓa. Gidan amarya can Agami ne, ƙarshen gari, a saman wani dogon bene marar lif. Tamir da wani ɗan'uwansa suka hau da ita suna hutawa a kowane hawa, Ammu Sabri na ƙasa yana kallo, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi ya ji da ya ga ƙafafun Dakta na rawa.

Abu ɗaya Basant ta bari. Tsohon allon kallonta da madannan suna nan a kan teburin keke, ta lulluɓe su da wani mayafin uwarta. Da za ta fita ta ce, "Baba, waɗannan kada ka taɓa min." Shi kuwa ya fassara abin yadda ransa ya so: sabo ya tafi gidan Dakta, tsoho an bar wa tsoho.

Bayan biki gidan ya yi masa faɗi. La'asar ta yi, ya zauna a kujerarsa da gyaɗa a cinya, ba mai karya kwana. Basant na kira kullum, amma zuwa sai Juma'a, don aikinta na cikin na'urar, na'urar kuma na Agami, kuma daga Agami zuwa Bakus in hanya ta cushe rabin yini ne. Juma'ar ma rabawa ake yi, wannan tasa, mai zuwa ta uwar Tamir. Sai kishin ya samu sabon wurin zama. Ya tsani Agami, ya tsani uwar Tamir da bai taɓa jin ta faɗi mugun abu ba, ya fi tsanar Tamir, wanda ya tabbata shi ke riƙe masa 'ya. A waya in ta ce Tamir na gaisuwa sai ya ce layin ba ya fita sosai.

"Sun mayar da ni ranar hutu," ya ce wa Girgis. "Mako ɗaya a buɗe ni, mako ɗaya a rufe."

"Kai fa ka ce ka huta da hayaniya. Mai shagon ya ba ƙanina labari."

"Magana ce ta fita."

"To ta fita, ta hau mota, ta tafi Agami."

Wata ranar Talata da hantsi mai sayen tsofaffin kaya ya bi layin da amalankensa yana kira. Ammu Sabri ya leƙa ta baranda ya ce ya jira. Ya yaye mayafin, ya rungumo allon, yana kiciniyar fita da shi sai ya ci karo da Tamir a bakin ƙofa, da ledar magani a hannu. Duk wata shi ke kawo masa maganin hawan jini, duk wata kuma Ammu Sabri sai ya duba kwanan watan kwalin ko zai kama shi da wanda ya lalace.

"Ammu, ina za ka kai wannan?"

"Inda ake kai abin da aka gama da shi. Matsa."

Tamir bai matsa ba, kuma wannan ne karo na farko. Ya ajiye leda, ya karɓi allon daga hannunsa a hankali, ya mayar kan teburin keke. Ya tsaya yana gyara tabarau.

"Ta hana ni faɗi. Amma in ka sayar da wannan ba za ta yafe mini ba, gara ta yi fushi da ni a kan magana. Ammu, ƙaramar nan da ka ƙi, ba don rowa ba ce. Ita ta ce a nemo wadda za ta shiga jakarta. Niyyarta in zan tafi kanti da safe in sauke ta a nan, ta jona a wannan allon, ta yi aikinta a teburin mamanta, ta dafa muku abinci, ku yi wasanku na la'asar, in na tashi in biyo in ɗauke ta. Yawancin kwanakin mako haka ta tsara. Da jakar muka riƙa zuwa shaguna muna gwadawa."

Ammu Sabri ya nemi kujera ya zauna. A ƙasa mai amalanke na ta kira.

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Ta fara, Ammu, a shagon. Kana ƙwanƙwasawa."

Ya tuna. Ya tuna har inda ta tsaya, da abin da ya ce bayan nan. Kunya ta rufe shi, amma ko a cikin kunyar sai da kishin ya ɗago kai, don wannan siririn yaro ya san abin da ke zuciyar 'yarsa tun tuni, shi da ya haife ta sai yau yake ji a bakin ƙofa.

"To kai da kake mijinta, me ya hana ka canza mata bayan biki? Ba ka da baki?"

"Na ce mata. Mai shagon ma ya yarda ya karɓi babbar ya ba da ƙaramar. Ta ce abin da Baba ya zaɓa ba a canza shi, tun tana yarinya ba ta taɓa yi ba, ba za ta fara a gidan miji ba."

Ammu Sabri ya daɗe yana kallon mayafin Ihsan a ƙasa. Sannan ya ɗauka ya kakkaɓe, ya rufe allon, ya leƙa baranda ya ce wa mai amalanke ya yi gaba. Ya ce wa Tamir, "Kira kantinku ka ce za ka makara. Kai ni Agami."

Matakalar gidan ta kusa kashe shi. A kowane hawa sai ya tsaya ya dafa bango, kuma a hawa na ƙarshe da Tamir ya miƙo hannu bai ce a sake shi ba. Suka tarar da Basant a gaban allo da abin kunne, tana magana da wata abokiyar aikinta. Babbar na gefen tebur tana juya launukanta. Ba ta ji shigowarsu ba.

"A'a, tawa ba ta taɓa tsayawa ba," take cewa. "Ai babana ne ya zaɓa min."

Maganar da ya rayu a kanta ke nan, yau ta shige shi da ɗaci. Basant ta juyo ta gan shi, ta cire abin kunne ta miƙe a tsorace. "Baba, lafiya? Me ya faru? Ka hau benen nan da gwiwarka?"

"Na zo duba kayana."

Ya durƙusa da ƙyar a gaban na'urar. Ya shafa ta, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa. Sautin na nan yadda yake, cike, lafiya lau. Ya sake ƙwanƙwasawa ta wani gefen ko Allah zai sa ya samu abin kamawa, bai samu ba. Kaya ne na kirki, bai taɓa zaɓen banza ba. Ya san kuma abin da zai biyo baya in ya buɗe baki: kafin Juma'a duk Bakus ta ji cewa Ammu Sabri ya zaɓi abu an mayar, Girgis zai yi ta ja masa har kabari, masu kankana za su fara miƙo masa wuƙa.

"Akwai matsala a cikinta," ya ce. "Na ji a sautin. A mayar."

"Baba, ƙalau take. Yanzu ma nake..."

"Ke kika san sauti ko ni? Ranar nan shagon da hayaniya, kunnena bai kama ba. Na yi kuskure. A mayar."

Ba ta taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba, babu wanda ya taɓa ji. Ta tsaya tana kallon sa a durƙushe, yana haki, hannunsa a kan gilashin.

"In an mayar, wace za a ɗauko?" ta tambaya a hankali. "Wa zai zaɓa?"

Bai ɗago ba. Ya nuna inda Tamir yake tsaye da haɓa. "Wancan marar nauyin. Ku tafi da jakar. Allonki na nan, ban taɓa ba."

Sai ta gane. Ta sa hannu ta rufe baki, ta juya ta dubi Tamir, shi kuma ya kawar da kai yana gyara tabarau. Sannan ta durƙusa ta rungume ubanta tana kuka a kafaɗarsa, tana cewa gobe ma za ta zo, ya jiƙa wake. Ya bubbuga bayanta, ransa fari, ya samu abin da ya hau benen dominsa. Amma ya gani, kuma ya san zai daɗe yana gani: da ta gane, mijinta ta fara kallo kafin shi.

"Dakta," ya ce ta saman kanta, "kai ka hau da ita, kai za ka sauko da ita. Ka bi a hankali, kaya ne mai nauyi."